Wa Zai Rubuta Labarin Gwaggo?

A semistar da ta wuce, a ajin GNS, malaminmu ya kawo mana zancen adabin waɗanda suka bar gida. Ya yi bayani a kan marubutan Afirka da suka je Turai da Amurka, suka rubuta yadda baƙunci ke cin rai. Ya kawo Buchi Emecheta da littafinta Second Class Citizen na 1974, labarin matar da ta bi mijinta Landan ta tarar ko ɗakin haya sai an dubi fatarta kafin a ba ta. Ya kawo Chimamanda Adichie da Americanah na 2013, wanda jarumarsa sai da ta sauka Amurka ta gane ashe baƙar fata abin magana ce. Muka kwafa, muka haddace, muka juye a takardar jarrabawa. Ni ma na samu makina daidai gwargwado, alhamdu lillahi.

Da aka yi hutu na hau mota sai Dutsin-Ma. A gidanmu akwai wani ɗaki bayan zaure, inda a da muke jibge buhunan masara da tsohon keken Baba. Shekara huɗu ke nan gwaggona ke cikinsa da 'ya'yanta uku. Daga wani ƙauye suka taso, yamma da Kurfi, bayan 'yan bindiga sun shiga musu karo na uku. Mijinta yana Legas yana tura baro, sai sallah-sallah ake ganinsa. Matar da ke da rumbu biyu da awaki goma sha, wadda in mun je hutun makaranta muna yara sai ta yanka mana zabo, yau awara take soyawa a ƙofar gida, kuma sai ta nemi izinin Innarmu kafin ta ɗebi ruwa a randa. Babu wanda ya ce ta nema. Ita ce dai ta kasa bari.

Duk maganar Gwaggo da kalma uku take farawa: "In mun koma." In mun koma zan ba ka geron da ba ka taɓa cin irinshi ba. In mun koma za a yi wa yarinyar nan aure. Akwai wani ɗan ƙullin irin gero da ta rataye a kusurwar ɗaki, ta hana kowa taɓawa, ko a ranar da babu na tuwo. Autanta kuwa, wanda aka goyo a baya daren da suka gudu, bai san ƙauyen ba ko a mafarki. In ka tambaye shi ɗan ina ne, zai ce ɗan Dutsin-Ma. Amma yaran unguwa, in faɗan ƙwallo ya haɗa su, "ɗan hijira" suke ce masa.

Ina zaune a ɗakin nan wani dare sai abin ya faɗo mini: ashe duk abin da na haddace don jarrabawa yana nan bayan zaurenmu. Tsakanin ƙauyen Gwaggo da gidanmu tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Ba biza, ba jirgi, ba sanyin ƙanƙara. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Amma ga kewa, ga kunyar zama a ƙarƙashin wani, ga uwa mai kallon baya da ɗa mai kallon gaba. Bambancin kawai shi ne na Landan an rubuta, na Kurfi ba a rubuta ba.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai ke nan, kuma zan faɗe shi kai tsaye: mun yi sake. Babban abin da ya sami yankinmu a zamaninmu shi ne tashin mutane daga ƙauyukansu, kuma mu da muka iya riƙe biro mun bar shi a hannun 'yan jarida, su kuma adadin gawa kawai suke ƙirgawa su wuce.

Ba sai na tuna wa kowa ba. Wurma ta ƙaramar hukumar Kurfi ta shiga labarai a 2019 saboda mutanen da aka kwashe a dare ɗaya. A Fabrairun 2020 aka yi kisan Tsauwa da Dankar a Batsari. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, aka shafe watanni mutum yana Katsina bai san ko mahaifiyarsa ta kwana lafiya ba sai ya je tasha ya tambayi direba. Waɗannan su ne abubuwan da suka shiga jarida. Abin da bai shiga ba shi ne abin da ya biyo baya: kangwayen da mutane suka cika a bakin gari, gonakin da suka koma saura, ƙauyukan gefen dajin Rugu da suka zama kufai, da dattijon da ake cewa "ranka ya daɗe" a garinsu, yau yana gadin shago.

Wani zai ce ai Bahaushe bai saba rubuta irin wannan ba, abin Turawa ne da 'yan boko. Wannan magana ba ta da tushe. Ku ɗauko Shaihu Umar, wanda da yawanmu mun karanta a sakandare don dole. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934, lokacin yana matashin malamin makaranta da bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba. Mu a aji an koya mana cewa littafin yana magana ne a kan bauta da haƙuri da ƙaddara. Haka ne. Amma sake karanta shi da idon yau ka gani. Labarin ma gaba ɗaya amsa ce ga tambaya ɗaya: wani almajiri ya tambayi malaminsa a Rauta daga ina ya fito, mene ne asalinsa. Tambayar da ake yi wa kowane baƙo ke nan, wadda wani lokaci don so ake yin ta, wani lokaci don a nuna maka iyakarka.

To dubi gidan da Umar ya fito. An haife shi a Kagara. Mijin uwarsa, Makau, makircin fada ya kore shi daga gari, ya je ya sake kafa rayuwa a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu har Kano, har ya faɗa wajen Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Misira ya rene shi kamar ɗansa, ya ba shi ilimi. A ido Umar ya dace: ya zama malami, ana girmama shi. Amma ya girma a wata ƙasa da wani harshe, ba shi da kowa nasa na jini. Ita kuwa uwar, wadda a ganina ita ce ainihin jarumar littafin, ta bar komai ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta ratsa hamada ta Murzuk har Tarabulus. Ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika. Iyali ɗaya, an watsa su gari huɗu ko biyar, kowa yana neman kowa. In ka cire raƙuma ka sa babura, wane ne a cikinmu bai san gida irin wannan ba? Har satar yaron ma ba ta tsufa ba, sai dai yanzu waya ake bugowa a faɗi kuɗi.

Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: da Umar ya dawo ƙasar Hausa bai koma Kagara ba. A Rauta ya zauna ya ƙare yana koyarwa. Marubucin bai yi mana ƙaryar cewa kowa yana komawa inda aka binne cibiyarsa ba. Ban taɓa samun ƙarfin zuciyar faɗa wa Gwaggo wannan ba.

Tun kafin boko ma akwai wannan a rubuce. Nana Asma'u tana yarinya 'yar kimanin shekara goma aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ta ga tafiyar ƙafa, ta ga yunwa, ta ga mutuwar 'yan'uwa a hanya. Da ta girma ta tsara labarin tafiye-tafiyen jama'ar Shehu a waƙe da Fulatanci, ɗan'uwanta Isa ya mayar da ita Hausa, ita ce ake kira Waƙar Gewaye. Wato ɗaya daga cikin manyan marubutanmu 'yar gudun hijira ce a ƙuruciyarta. A ɗaya ɓangaren kuma, sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya tayar, su ne suka je suka kafa Maraɗi, kuma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Shekara ɗari biyu ke nan suna riƙe da sunan garin da suka bari. Ikon Allah, tun daga 2019 kuma sai ga dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suna tsallakawa jihar Maraɗin nan neman mafaka. Wannan kaɗai ai littafi ne guda, ga mai so.

Haka Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, yana rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci a tsakiyar mutanen da ba Hausawa ba. Jikokin irin waɗannan fatake su ne mutanen zango na Kumasi da Akara, waɗanda dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta rutsa da wasunsu a 1969, aka ce su koma "ƙasarsu", alhali wasu ba su taɓa ganin Kano ba. Daga cikin 'ya'yan zango aka sami Mohammed Naseehu Ali, wanda ya fitar da gajerun labarai mai suna The Prophet of Zongo Street a 2005. A kusa-kusa kuma ga Abubakar Adam Ibrahim. Mutane sun fi riƙe littafinsa Season of Crimson Blossoms saboda soyayyar da ke ciki mai tayar da ƙura, amma a tuna Hajiya Binta ta labarin rikicin Jos ne ya cinye mijinta ya raba ta da garin, kuma wannan tabon yana bin gidan har ƙarshe. Littafin ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016.

Saboda haka gado muna da shi. Abin tambaya shi ne me muke yi da shi.

Ku buɗe wayar duk wata ƙawarku mai karatun littattafan WhatsApp, ko taku in za ku faɗi gaskiya, don samari ma suna karantawa a ɓoye. A yawancin waɗanda suka zo hannuna, in jarumi ya bar gida to Dubai ya tafi, ko Landan karatun likita, ya dawo da mota mai baƙin gilashi. Tafiya a wajenmu ado ce. Ban raina marubutan nan ba, wallahi sun fi mu ƙoƙari, su ne suka riƙe karatun Hausa a hannun matasa, kuma na san mai kwana da jin harbi yana da haƙƙin ya karanta abin da zai mantar da shi. Amma in duk abin da muka rubuta mantuwa ce, nan da shekara talatin ɗan autan Gwaggo zai nemi sanin inda ya fito ya tarar ba komai sai kanun labarai. Mawaƙanmu kuwa, ku da kanku kun san inda baiwarsu ke tafiya in zaɓe ya matso.

Akwai kuma wani ɓangare da ba mu son taɓawa, ni ma sai da na yi ta jinkiri kafin in rubuta. Ina da abokin ɗaki Bafulatani. A rugar da ke kusa da Dam ɗin Zobe aka haife shi, kakansa ma nan aka binne shi. Ɓarayin daji sun kore musu shanu tun farkon abin, kafin ma a fara taɓa manoma sosai. Da suka matso gari neman tsira, sai aka koma kallonsu da wani ido: in sun shiga kasuwa a yi ta zunɗe, in an kai hari wani wuri a dube su. Ƙarshe mahaifinsa ya tattara abin da ya rage ya yi kudu. Abokina in za mu shiga motar haya ba ya amsa wayar mahaifiyarsa, don kada a ji yana Fulatanci. Ka ji fa. Mutum a jihar da aka haifi kakansa, yana ɓoye harshen uwarsa. In wannan ba baƙunci ba ne, to mene ne?

Na san akwai wanda zai karanta wannan ransa ya ɓaci, musamman wanda aka kashe wa uba ko aka ɗauke wa ƙanwa, kuma ya ji da kunnensa harshen da maharan ke yi. Ba zan ce masa bai ji abin da ya ji ba. Amma aikin da labari ke yi, wanda sanarwar gwamnati da wa'azin rediyo ba sa iyawa, shi ne ya zaunar da kai a ɗakin wani na awa biyu. Cyprian Ekwensi, Ibo ne da aka haifa a Minna, ya zauna ya rubuta Burning Grass a 1962 a kan gidan wani makiyayi, Mai Sunsaye, da yadda yawo ya tarwatsa iyalinsa. Shekara sittin da wani abu ke nan. Mu da muke cin abinci a kwano ɗaya da 'ya'yan makiyaya a hostel, me ya hana mu? In Gwaggo za ta ji labarin mahaifiyar abokina, ita ma ta ji na Gwaggo, ban ce za su rungumi juna ba, amma za su gane ɓarawo ɗaya ne ya tashe su.

Sai masu cewa: waƙa ba ta cika ciki, mutanen nan abinci suke so da tsaro, ba baiti ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya je wa mai jin yunwa da takarda da biro hannu rabbana ya yi rashin ta ido. In kana da mudun masara ka fara kai shi. Amma ku lura da wani abu. Mahmud Darwish yana yaro aka tashi ƙauyensu Birwa a 1948, aka rushe shi. Waƙoƙinsa ba su dawo da ko bulo ɗaya ba. Sai dai yau mutum a Dutsin-Ma yana iya sanin sunan wannan ƙauye na Falasɗinu, alhali bai san sunayen ƙauyuka biyar da suka tashi a Safana ba. Wanda ba a san sunansa ba, ba a yi masa kasafi, ba a tuna shi ranar rabon taki, ba a tambayar inda gonarsa ta shiga. Ranar da za a zauna maganar wa ke da wace gona, da wa zai koma ina, abin da aka rubuta shi zai yi magana.

Mu ɗalibai ma abin bai bar mu ba. Kowannenmu ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma kafin a yi masa rajista. Ɗan autan Gwaggo in Allah ya raya shi ya zo shiga makaranta irin wannan, ta ina zai karɓa? Dutsin-Ma inda ya tashi za a ce asalinsa Kurfi ne. A Kurfi kuma sai ya nemo mai unguwar da zai shaide shi, mai unguwar da shi kansa yana gudun hijira a wani gari. Wannan ba hasashe ba ne na masu falsafa, layi ne da yaron zai tsaya a kai da fayil a hannu. Muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma muna faɗa ne kamar laifin mai tafiyar ne. Karin maganar ba ta yi tanadin wanda aka kora da bindiga ba.

Ga abin da nake roƙon Edita da shugabannin ƙungiyarmu. A ware shafi biyu a kowace fitowa ta wannan mujalla don irin waɗannan labarai, da Hausa, ko Fulatanci ga mai iyawa. Ba sai kai ɗan sashen harsuna ba ne, mu nan ma ai ba mu da shi. Ɗan injiniya, 'yar akanta, mai karatun safiyo, kowa yana da wata gwaggo ko wani kawu. In an yi hutu ka zauna da su ka tambaya. Kada ka tsaya a daren harin kawai, don shi kowa ke tambaya kuma shi ya fi ciwon faɗa. Tambayi sunan rijiyar garin. Wace bishiya ce a ƙofar masallaci? Ranar wace kasuwa suke ci? Wa ke kiɗan gayya? Me ta ɗauko da ta fito, me ta manta wanda har yau yake damun ta? Masu karatun safiyo da taswira, ku zana mana inda ƙauyukan suke tun masu tunawa suna raye.

Amma da sharaɗi. A nemi izini. Kada a sa sunan mutum ko hotonsa, don masu kai rahoto daji suna nan cikin gari, kuma akwai matan da abin da aka yi musu ba na bugawa ba ne sai in su suka ce a faɗa. Kada kuma mu mayar da hawayen mutane abin neman tafi a Facebook. Na ga masu yin haka, mutum ya ɗauki hoto da yaran sansani yana murmushi kamar ya je yawon buɗe ido. In ka rubuta, koma ka karanta wa mai labarin, in ta ce cire, ka cire.

Ni na gwada. Kafin in dawo makaranta na zauna da Gwaggo da littafin rubutu, na ce ina so ta ba ni labarin garinsu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma mi za ka yi da shi? Jarrabawa za a yi maku a kai?" Na ce a'a. Ta yi shiru tana juya awara, har na ɗauka ta ƙi. Can sai ta ce in fara rubuta tsamiyar bakin kasuwa, wadda aka ɗaura aurenta a ƙarƙashinta. Muka kai sha ɗayan dare, na cika shafi tara, ba mu ma iso shekarar da aka fara harbi ba. Ta ce sauran sai na dawo hutun sallah, kuma in taho da littafi mai kauri.